Gangaren Burgundi: Yadda Aka Yanka Tudu Ɗaya Gona Fiye da Dubu

Wanda ya bar birnin Dijon a gabashin Faransa ya nufi kudu zai ga wani dogon tudu ya miƙe a hannunsa na dama, yana rakiyarsa har kimanin kilomita 50, zuwa wajen garin Santenay. Tudun ba na a zo a gani ba ne. Kansa daji ne da duwatsu, gindinsa kuwa fili ne shimfiɗaɗɗe da ya tafi har bakin kogin Saône. Tsakanin dajin da filin akwai wani siririn gangare wanda a wurare da dama faɗinsa bai kai kilomita guda ba, kuma a kansa ne ake noma inabin da ya kai sunan yankin Burgundi ko'ina a duniya. Kadada ɗaya a tsakiyar wannan gangare tana cikin ƙasar noma mafi tsada a doron ƙasa, alhali idan ka gangara ka tsallake titi, ƙasar da za ka taka ba ta fi ta kowane manomi daraja ba.

Yawancinmu Musulmi ne, abin da ake matsewa daga inabin nan a ɗura a kwalba kuwa addini ya riga ya raba mu da shi. Sai dai tarihin gonakin tarihin noma ne da gado da mulki, kuma yana nuna yadda ake ɗaukar ɗaruruwan shekaru kafin mutane su san ƙasar da suke takawa, da yadda bango da takardar kotu kan shiga cikin abin da daga baya za a ce halittar ƙasa ce.

Fiye da shekara miliyan 150 da suka wuce, wurin nan teku ne mai ɗumi marar zurfi. Ɓawon halittun ruwa da laka suka riƙa kwantawa hawa kan hawa har suka zama dutsen farar ƙasa, irin wanda ake ƙonawa a yi siminti, a tsakaninsa kuma akwai shimfiɗun laka mai gauraye da farar ƙasa. Can baya, kimanin shekara miliyan 30 ke nan, lokacin da tsaunukan Alps ke tasowa, ƙasa ta tsage, ɓangaren gabas ya nutse ya zama filin Saône, bakin tsagar ya rage a tsaye yana kallon gabas. Tsagewar ba ta tafi santal ba. Ta kakkarye, ta zame nan ta ɗaga can, shi ya sa dutsen da ke ƙarƙashin wannan gona zai iya girmar na maƙwabciyarta da miliyoyin shekaru. Ruwa kuma ya yayyanka tudun da kwazazzabai, yana kwaso tsakuwa yana zubarwa a bakinsu, iska mai sanyi tana biyo su da dare.

Ga manomi, ma'anar duk wannan a fili take. Burgundi ƙasar sanyi ce, inabi da ƙyar yake nuna kafin kaka ta juya. Gangaren da ya fuskanci gabas yana samun hantsi da wuri, raɓa ta bushe, tudun kuma ya tare masa iskar yamma mai ɗauke da ruwa. A can sama ƙasa ba ta da kauri, wani wuri taƙi ɗaya ka tarar da dutse, ga sanyi. A gindi laka ta yi nauyi, ruwa yana kwanciya, kuranga ta yi ganye da 'ya'ya barkatai amma salam. Tsakiya, wajen mita 250 zuwa 300 sama da teku, nan ne ƙasa ke riƙe ruwa daidai bukata ta saki saura. Masana ƙasa na yau sun fi karkata ga cewa ta nan dutsen yake aikinsa, wato ta yadda yake sarrafa ruwa da zafi a gindin kuranga. Zancen da masu talla ke so, wai ana jin ɗanɗanon dutsen kansa a baki, kimiyya ba ta tabbatar da shi ba.

Tun zamanin Rumawa ake shuka inabi a nan. A 2008 masu tonon kayan tarihi suka gano ramukan shuka fiye da 300 a jere kusa da Gevrey-Chambertin, na ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa. Abin lura shi ne a fili aka same su, a ƙasan gangaren da ake ji da shi yau. Zuwa wajen shekara ta 312 kuwa an riga an hau tudun, domin wani mai jawabi daga garin Autun, da yake bayyana wa Sarki Kustantin na Rum halin talaucin yankinsu a kan batun haraji, ya kwatanta tsofaffin kurangu da saiwoyinsu suka cukurkuɗe, a matse tsakanin duwatsu a sama da ƙasa mai jaura a gindi. Mai neman sassaucin haraji ba ya rasa ƙarin gishiri, amma siffar wurin da ya bayar tana nan har yau.

Bayan faɗuwar Rum, gonakin suka riƙa komawa hannun coci. A ƙarni na 7 aka bai wa ruhubanawan Bèze wata ƙasa a Gevrey, har yanzu da sunansu ake kiranta, Clos de Bèze. A 910 aka kafa gidan ibada na Cluny a kudancin yankin, ya tara gonaki masu yawa. A 1098 wasu ruhubanawa da ke ganin an yi sake da zuhudu suka ware suka kafa nasu gidan a Cîteaux, cikin wata fadama mai ciyayi kudu da Dijon. Inabi ba ya yi a can, sai suka bi rafin Vouge zuwa gindin tudu, inda tun wajen 1110 masu ƙasa suka fara ba su gonaki sadaka. Suka yi ta haɗawa da saye da musaya, zuwa ƙarni na 14 suka zagaye kimanin kadada 50 da bangon dutse. Shi ne Clos de Vougeot.

Ana yawan ba da labari wai ruhubanawan nan har ɗanɗana ƙasa suke yi da harshe don su bambance gona da gona. Labari ne mai daɗi, ba shi da madogara a rubuce. Abin da suke da shi wanda talaka ba shi da shi ya fi wannan sauƙin ganewa. Ba sa haihuwa, don haka ba a raba musu gona gado. Suna da rubutu, abin da wani ya lura da shi bana wani zai karanta bayan shekara 100. Suna da ɗakunan ajiya na ƙarƙashin ƙasa da ma'aikata, kuma yunwa ba ta tilasta musu sayarwa da gaggawa. Duk da haka, a zamaninsu da sunan gari ake sayar da giya, a ce ta Beaune ko ta Dijon. Binciken masanin ƙasa Jean-Pierre Garcia na Jami'ar Burgundi da abokan aikinsa ya nuna cewa sayar da giya da sunan gona guda sai a ƙarshen ƙarni na 17 da cikin na 18 ya kankama.

Zaɓen iri kuwa da takobi aka yi shi. Annobar da ta faɗa wa Turai a 1348 ta rage ma'aikata ƙwarai, manoman da suka tsira suka koma wa wani baƙin inabi mai suna Gamay, wanda ba ya ba da wahala kuma yana cika kwando. Ɗaya irin, Pinot Noir, ɗan lele ne: fatarsa siririya, yana saurin ruɓewa, amfaninsa kaɗan. Mai mulkin Burgundi a ƙarshen ƙarnin, Filib da ake yi wa laƙabi da Mai Ƙarfin Hali, ya auri magajiyar ƙasar Flanders, kuma da giyar Beaune yake yi wa sarakuna da manyan fadar Fafaroma kyauta. A 1395 ya fitar da doka yana kiran Gamay mugun tsiro maci amana, ya ba da umarni a tuttuge shi, ya kuma hana zuba wa gonakin inabi taki. Manoma ba su bi dokar yadda yake so ba, shi ya sa aka yi ta maimaita irinta daga baya, Gamay ya ci gaba da zama a filin gindin tudu har ƙarnuka. Amma dokar ta kafa ƙa'idar da ta ɗore, cewa a tsakiyar gangare Pinot ake shukawa ko da zai ba da rabin amfani. Gamay ya sami gidansa a kudu, a Beaujolais, inda ƙasar ta fito daga dutsen giranit mai yashi, a can ne kuma aka ga ashe ba shi da laifi, wurin ne bai karɓe shi ba. A 1999 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, tare da takwarorinsu na Faransa, suka gano ta gwajin ƙwayoyin gado cewa Gamay ɗan Pinot ne, haka ma Chardonnay, farin inabin da Burgundi ke taƙama da shi. Uwarsu ɗaya, wani iri da aka raina mai suna Gouais. Ashe ɗa Filib ya kora don ya kare uba.

Akwai dalilin kasuwa a bayan wannan tsanani. Bordeaux, wani babban yankin giya na Faransa, tana da kogi da teku, ana loda gangunanta a jirgi su tafi Ingila da araha. A wancan lokacin gangaren Burgundi ba shi da hanyar ruwa zuwa Faris ko Flanders, sai an ɗora ganga a keken shanu an yi kwanaki a kan mummunar hanya kafin a kai kogin Yonne, inda za a loda ta a jirgi zuwa Faris. Kaya mai arha ba zai biya kuɗin wannan tafiya ba. Masanin tarihi Roger Dion, a littafinsa na 1959 kan tarihin inabi a Faransa, ya tsaya a kan cewa masu saye da masu mulki da hanyoyin fatauci sun fi ƙasa ƙarfi wajen ƙayyade inda giya mai daraja ke fitowa. Ina ganin ya ɗan zarce, domin duk ikon Filib ba zai sa Pinot ya nuna a fadamar Cîteaux ba. Amma wanda ya karanta abin da ya biyo baya zai sha wuyar ƙaryata shi ɗungurungum.

A 1760 Yariman Conti, ɗan gidan sarautar Faransa, ya sayi wata 'yar gona a ƙauyen Vosne wadda ba ta kai kadada 2 ba, da kuɗin da ya ninka na maƙwabtanta sau da yawa, ya kuma janye giyarta daga kasuwa don teburinsa kaɗai. Juyin juya halin 1789 ya ƙwace ta, kamar yadda ya ƙwace duk gonakin coci da na sarakunan da suka gudu, aka yi gwanjonsu. Sunan yariman dai ya manne, Romanée-Conti. Clos de Vougeot ya fita daga hannun ruhubanawa bayan kusan shekara 700. Sannan dokar Napoleon ta 1804 ta wajabta raba gado tsakanin dukan 'ya'ya. Attajirai sun riƙe Clos de Vougeot a dunƙule har 1889, daga nan aka fara yanka shi, yau masu shi sun kai kimanin 80, wani layukan kuranga kaɗan ne rabonsa. Wannan ne ya sa Burgundi ta sha bamban da Bordeaux, inda gida ɗaya kan mallaki kadada 80 ko 100. A nan manomi mai kadada 8 zai iya samun gonakinsa a warwatse wuri 15, kowanne yana matse shi dabam, saboda haka kowace shekara yana gwada gona da gona da hannu ɗaya da iri ɗaya. Ilimin bambancin ƙasa da ake danganta wa ruhubanawa, kaso mai yawa nasa daga wannan rarrabuwa ya fito.

Ƙarni na 19 ya rubuta abin da ake faɗa da baki. A 1855 likita Jules Lavalle ya wallafa littafi da ya jera gonakin gangaren daraja-daraja, a 1861 kwamitin noma na Beaune ya zana taswira a kan wannan tsari. Ƙauyuka suka lura cewa sunan gona ya fi nasu tsada, sai suka fara liƙa shi a jikin nasu. Gevrey ta fara a 1847 ta zama Gevrey-Chambertin, Aloxe ta ɗauki Corton a 1862, Vosne ta ɗauki Romanée a 1866, Nuits ta ɗauki Saint-Georges a 1892. Puligny da Chassagne, da yake gonar Montrachet mai kimanin kadada 8 ta ratsa iyakarsu, kowace ta ɗauki sunan. Dabara ce ta kasuwa, ta kuma ci, har yau baƙo na sayen kwalbar ƙauye yana zaton ta shahararriyar gonar ce.

Akwai kuma rabon aiki tsakanin arewa da kudancin gangaren. Arewa, daga Dijon zuwa Nuits, kusan duk Pinot ne. A tsakiya, wajen Comblanchien, dutsen ya yi tauri har ya fi amfani ga magina, ana fasa shi ana kai wa manyan gine-ginen Faris. Daga Beaune zuwa kudu gangaren ya faɗaɗa, farar laka ta yawaita a Meursault da Puligny da saman tudun Corton, nan Chardonnay ya fi samun kansa.

Sai bala'i ya zo daga Amurka. Wani ɗan ƙwaro dangin darɓa, filoksera, ya shigo kudancin Faransa a farkon shekarun 1860 a jikin dashen da aka kawo, yana tsotsar saiwa har kuranga ta mutu. A 1878 aka gan shi a Meursault. Aka yi ta ɗura wa ƙasa guba da allurar ƙarfe, masu hali suka ɗan jinkirta mutuwar, talakawa suka rasa komai. Maganin da ya yi aiki shi ne aure, irin wanda ake yi wa mangwaro: a ɗauki gindin inabin Amurka, wanda ya saba da ƙwaron, a ɗaura masa reshen Pinot ko Chardonnay. Manyan masu gona na Burgundi suka ƙi, suna tsoron ɗanɗano zai lalace, hukuma ba ta halatta ba sai a 1887. Nan ma ƙasar ta nuna halinta, domin gindin Amurka na farko bai jure farar ƙasa ba, ganye ya riƙa yin rawaya. Sai da gwamnatin Faransa ta aika masani Pierre Viala Amurka a 1887, ya samo wani inabin daji da ke tsirowa a kan farar ƙasar Texas, aka haɗa shi da wasu aka fitar da gindin da ya dace.

Annobar ta sake fasalin gonakin baki ɗaya. A da kurangu a cakuɗe suke, ana binne reshen tsohuwa ya tsiro sabuwa, komai da fartanya ake yi. Bayanta aka dasa a layi, aka ja waya, doki ya shiga da garma. Gonaki da yawa na can bayan tudu da na fili ba a sake dasa su ba. Romanée-Conti ta yi taurin kai ta zauna a kan saiwarta ta asali har 1945, lokacin da yaƙi ya hana samun gubar. A shekarar kwalba 600 kacal ta bayar, aka tuge ta, aka sake dasawa a 1947, ba a ƙara fitar da giya da sunanta ba sai 1952. Ɗaya daga kwalaben 1945 ɗin aka sayar dala 558,000 a gwanjon Sotheby's a New York a 2018. Tun daga dashen da aka yi bayan annobar, saiwar da ke shiga cikin dutsen da ake ta yabo kusan duk 'yar Amurka ce.

Ƙarancin kaya ya buɗe ƙofar algus. Dillalai suka riƙa sayo giya mai kauri daga kudancin Faransa da Aljeriya, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin mallaka kuma take cikin manyan masu fitar da giya a duniya, su gauraya su rubuta sunan ƙauyen gangare kamar Pommard ko Nuits a jiki. Dokar 1919 ta ba kotuna ikon yanke wa ke da haƙƙin wane suna, aka yi shekaru ana shari'a ƙauye da ƙauye. Manoma irin su Henri Gouges da Marquis d'Angerville da Armand Rousseau, da dillalai suka juya musu baya ko kasuwa ta mutu musu, suka fara ɗura nasu a kwalba da sunansu. A 1935 gwamnati ta kafa tsarin kare sunan asali, daga 1936 aka fara fitar da dokokin da suka ƙayyade iyakar kowace gona, da irin da za a shuka, da yawan amfanin da ba za a wuce ba. Hawa huɗu ne: na yanki, na ƙauye, na zaɓaɓɓun gonaki, sai na ƙoli da ake kira Grand Cru, guda 33, waɗanda abin da suke bayarwa bai kai kashi 2 cikin 100 na giyar Burgundi ba.

Taswirar ta bi ƙasa a mafi yawan wurare, gonakin ƙoli suna jere a tsakiyar gangare kamar yadda Lavalle ya gani. Inda ta kauce ne ya fi koyarwa. Clos de Vougeot ya gangaro tun daga tsakuwar tsakiya har lakar bakin titi, inda maƙwabtansa na dama da hagu darajar ƙauye kawai suke da ita, amma duk abin da ke cikin bangon ruhubanawa an ba shi darajar ƙoli. Gonar La Grande Rue tana kwance tsakanin Romanée-Conti da La Tâche, amma ba a nema mata darajar ba a shekarun 1930, sai a 1992 ta samu. Clos des Lambrays ta jira har 1981. Nuits-Saint-Georges, duk da sunanta, ba ta da gonar ƙoli ko ɗaya, haka Meursault da Volnay. Ita kanta ƙasar gangaren ba yadda aka halicce ta take ba, domin ƙarnuka ana kwashe wadda ruwa ya zaizaye zuwa gindi a mayar sama a kwando, ana tsince duwatsu a tara su a kan iyaka, wani lokaci ma a kawo sabuwa a keken shanu daga wani wuri.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu takin zamani da maganin ciyawa da tarakta suka shigo, amfani ya ƙaru, ƙasa ta daddanne. A ƙarshen shekarun 1980 masanin halittun ƙasa Claude Bourguignon ya girgiza manoman da cewa wasu gonakinsu ba su kai yashin Sahara rai ba. Daga nan manyan gidaje da dama suka bar guba, wasu har suka dawo da doki. A 2015 hukumar UNESCO ta sanya gonakin gangaren guda 1,247, kowace da sunanta da iyakarta, cikin kayan tarihin duniya. Farashi ya yi tashin gwauron zabo, har magada suka fara kasa biyan harajin gado sai sun sayar. Kamfanin LVMH ya sayi Clos des Lambrays a 2014. Maƙwabciyarta Clos de Tart, wadda mata 'yan zuhudu suka mallaka tun 1141, kuma sau biyu kawai ta sauya hannu kafin nan, ta koma ga iyalin attajiri François Pinault bayan cinikin 2017.

Garin Beaune yana da tarihin ranakun fara tsinkar inabi tun 1354, ɗaya daga mafi tsawo a Turai. Wani nazari da aka buga a 2019 ya nuna cewa daga 1354 zuwa 1987 matsakaicin ranar farawa 28 ga Satumba ne, daga 1988 zuwa 2018 kuwa ya dawo 15 ga wata. A 2003 da 2020 cikin Agusta aka shiga gona. Ɗumin yana sa kuranga toho da wuri, sai jaurar Afrilu ta same ta a buɗe, kamar a 2021 da manoma suka kwana suna kunna wuta a gwangwani tsakanin layuka, amfanin shekarar kuma ya ragu ƙwarai. Tsakiyar gangaren da aka zaɓa saboda ya fi saurin nunar da inabi yanzu wasu shekarun har ya zarce, gonakin sanyi na bayan tudu da bakin kwazazzabai, waɗanda taswirar 1936 ta bari a hawa na ƙasa, su ne ke nuna daidai. Manoma suna gwada gindi mai jure fari da zaɓin Pinot mai jinkirin nuna, wasu kuma sun koma kula da Aligoté, farin inabin da aka daɗe ana turawa gefen gona.